Neman Gidan Amarya: Daga Karaye Zuwa Unguwannin Manya Na Birnin Kebbi

Kawu ya san lokacin sayar da albasa. Tun girbin rani ya zuba tasa a rudu, yana leƙawa yana tsince wadda ta fara laushi, bai kai ta kasuwa ba sai da damina ta ɗauke, manyan motocin kudu suka fara layi suna neman ko da buhu goma ne. Da kuɗin suka shigo hannu sai ya kira ni a waya, ina Abuja wurin aiki.

"Ɗana, kai ka san birni. Ka taho ka raka ni mu biɗo ma yaron ga gida. An sa rana."

Yaron da yake nufi ɗansa ne na fari, shi ya sa ba ya kama sunansa. Taubashina ne, ya samu aikin gwamnati a sakatariyar jiha da ke Gwadangaji a Birnin Kebbi, yana da babur ɗinsa, yana kwana ɗaki ɗaya da wani abokinsa. Amaryar 'yar Jega ce, daga gidan 'yan kasuwa. Gwaggonninta sun aiko cewa yayyenta suna aure a manyan gidaje, don haka a nemi wuri a GRA ko Gesse, kada a kai yarinya inda za ta ji nauyin a ziyarce ta. Kawu bai ɗauki maganar da zafi ba. Ya ce mai neman aure ba ya ja da masu ba shi, kuma tunda Allah ya hore, shi zai biya hayar shekarar farko.

Na kwana a Karaye, ta ƙaramar hukumar Maiyama nake nufi, ba ta Kano ba. A nan kalmar haya baƙuwa ce, sai fa malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka turo daga wani gari. Yaro in ya isa aure, a yanka masa wuri a gefen gidan ubansa, abokai su taya shi kwaɓa ƙasa, in da hali a sa bulo da kwano. Masallaci, rijiya, mai nama, gidan ungozoma, duk da ƙafa ake zuwa. Ban taɓa lissafa wannan a matsayin dukiya ba sai a wannan tafiya.

Bayan asuba muka fita mu uku, ni da Kawu da ango. Kafin rana ta ɗaga mun hau babbar hanyar da ta taso daga Yawuri ta bi ta Koko da Maiyama ta nufi Jega, a cikin ƙaramar motar haya wadda aka cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Hirar motar ba ta wuce kuɗin mai ba. Kowa a wurin ya haddace ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000 a wurare da yawa. Direban ya ce tun daga lokacin ba ya tashi sai mota ta cika maƙil, ko da zai yini a tasha.

A shataletalen Jega hanya ta rabu. Ta dama ta nufi Aliero da Tambuwal har Sakkwato, ta hagu ta nufi Birnin Kebbi. Kawu ya nuna ta Aliero da haɓa, ya ce ko can ma, garin albasa da masu ɗori, tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006 mutane suka gane ɗaki ma amfanin gona ne, ana gina shi a ba ɗalibai a karɓi kuɗi kowace shekara. Muka canza mota, muka bi ta mararrabar Kalgo, cikin ƙasa da awa guda muna Birni.

Birnin Kebbi tsohon gari ne, mazaunin Sarkin Gwandu, amma tsadar filinsa ba ta tsufa ba. Ta soma ne daga 27 ga Agusta 1991, lokacin da gwamnatin Babangida ta cire Kebbi daga jihar Sakkwato. Dare ɗaya aka wayi gari ana bukatar gidan kwamishina, da na babban sakatare, da na darakta, da na dubban ma'aikatan da aka dawo da su gida. Daga baya aka ƙara filin jirgin sama a Ambursa, aka kafa jami'ar tarayya a 2013, ga kwalejin Waziri Umaru da ta riga su. Kowace ma'aikata da ta zo, gonakin bakin gari ne suka biya, aka yanka su fuloti-fuloti.

Dillalin da aka haɗa mu da shi yana jiranmu a gindin wata bishiyar dogon yaro da tarin makullai a aljihu. Tun kafin mu motsa ya shimfiɗa sharaɗi: haya ta shekara ce a dunƙule, la'adarsa kashi goma cikin ɗari, in an ga gida an so a ajiye kafin alƙalami, don masu nema suna da yawa. Ni kuma na roƙi Kawu alfarma ɗaya. Na ce duk gidan da muka duba, in mun fito kada mu kira kowa a waya, mu tsaya a bakin ƙofa mu jira abin hawa kamar yadda amarya za ta jira, ni kuma in riƙa duba agogo. Ya dube ni jim, ya ce to.

Da GRA muka fara. Duk wanda ya shiga unguwar daga cikin gari zai ji bambancin a fatarsa kafin idonsa. Inuwa ce ta tsofaffin itatuwa, tituna masu faɗi, shiru kamar an yi sharar hayaniya. Gidan da aka nuna mana ɓangare ne na wani babban gida, ɗaki uku da falo, da tayil har banɗaki, da rijiyar burtsatse da tanki a sama, da filin da za a iya shanya shinkafar gona guda. Ango ya shafa bango, fuskarsa ta nuna abin da bakinsa bai faɗa ba. Dillali ya matso ya raɗa wa Kawu kuɗin. Na ga leɓɓan Kawu suna motsi, na san buhuna yake ƙirgawa. Abin da aka nema ya haura albashin ango na shekara guda cif, ba a sa la'ada ba.

Muka fito muka tsaya. Motoci masu baƙin gilashi suka wuce ɗai-ɗai. Minti goma, ba keke ba kabu-kabu. Maigadin gidan da ke kallonmu, dattijo mai furfura, ya taso ya kawo wa Kawu benci.

"Alhaji, ku zamna. Nan ba su shigowa sai in sun kawo wani. In kuna sauri sai ku taka zuwa bakin titi."

Na tambaye shi, "Baba, kai fa, yaya kake zuwa?"

Ya ce da ƙafa yake tahowa daga cikin gari, ya fito bayan asuba ya koma bayan la'asar. Da can yakan hau babur in ya gaji, yanzu in ya hau zuwa da dawowa kullum, rabin abin da ake ba shi a wata ya tafi a hanya. Mai wanki ma haka, yarinyar da ke yi musu aikace-aikace ma haka. Sai da muka cika minti ashirin da biyu kafin wani mai keke da ya sauke fasinja ya biyo, kuma ya ce sai dai shata, don ba zai samu wanda zai cike masa kujera a nan ba.

Wannan shirun da muka tarar, da gangan aka gina shi, kuma ya girmi duk mazauna unguwar. Turawan mulkin mallaka ne suka fito da tsarin keɓe wa kansu unguwa a kowace hedikwata, abin da kakanninmu suka kira bariki. Dokar garuruwa ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, da ƙa'idojin da suka biyo ta, sun nemi a bar fili fetal mai faɗin yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa. Hujjarsu ita ce sauro, wai kada ya ɗauko zazzaɓi daga jikin yaranmu ya kai musu. Ba kasuwa, ba tasha, ba mai talla. Razdan da Di'o suna da doki, daga baya mota. Kuku da boyi suna da boskwata a bayan gida. Da Turawa suka tafi a 1960, manyan ma'aikatanmu suka gaji gidajen, suka gaji tazarar, har ta zama ita ce alamar isa. Nasarawa da Bompai a Kano, GRA ta Zariya, ta Sakkwato, ta Katsina, duk zubinsu ɗaya. Har yau in attajiri zai gina sabuwar unguwa, wannan hoton ne a kansa: doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, da nisa daga jama'a. Mai mota biyu da direba bai san akwai tazarar ba. Wanda ya san ta shi ne wanda ya shigo unguwar da kuɗin albasa, da kuma wanda ke zuwa yi mata hidima.

Gesse ta fi kusa da rayuwar da muka sani. Unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa masu rufin asiri, kashi biyu, gidaje a jere bisa tsari, kowa ya yi wa nasa ƙari daidai ƙarfinsa. Akwai shaguna a bakin layi, akwai makarantun kuɗi, akwai yara masu dawowa daga Islamiyya. Gidan da muka gani ɗaki biyu ne da falo, tsakar gida ƙarama, kuɗinsa ya yi ƙasa da na farko sosai amma har yanzu ya fi ƙarfin albashin ango in ba da hannun uba ba. A bakin ƙofa minti shida muka yi kabu-kabu ya tsaya. Na lura da abu guda: gidan da ke layin farko daga kwalta da wanda ke can ciki kusan kuɗi ɗaya dillali yake faɗa, alhali wahalarsu ba ɗaya ba ce. Kasuwar hayarmu tana kallon tayil da silin da fenti, ba ta cika sa wa kusanci da titi farashi ba sai in shago za a yi.

Rukunin gidajen da ake kira da sunan Adamu Aliero, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007, mun leƙa shi a gurguje saboda ya fi dacewa da wurin aikin ango. Babu gidan da ya faɗi a lokacin, muka wuce.

Sai dillali ya ce bari ya kai mu inda ido zai ƙoshi. Wata sabuwar unguwa ce a bakin gari, inda shekarun baya kaɗan gero ake nomawa. Gidaje ne sababbi fil, rufi mai tsini irin na yayi, ƙofofi masu walƙiya, fitilun sola a kan katanga. Ciki kam ya fi na GRA kyau, kuɗin kuma bai kai nasa ba. Ango ya ce wannan ne. Amma tun daga inda kwalta ta ƙare mai keken da ya kawo mu yake ƙorafi, tayarsa tana nutsewa cikin rairayi, sau biyu muna sauka muna turawa. Babu magudanar ruwa ko ɗaya. Na ga inda ruwan damina ya zaizaye tsakiyar layi ya bar kwari, an cike da ɓaraguzan bulo. Tsakanin gida da gida kangwaye ne da filayen da masu su ke jira su ƙara tsada. A nan ban duba agogo ba, domin da mun sallami mai keken da sai dai mu taka. Kawu ya leƙa hagu ya leƙa dama ya yi tambaya ɗaya.

"Ina masallacin unguwar ga?"

Dillali ya nuna wani gini can nesa da ba a rufa ba.

Bayan azahar muka zauna a wata rumfar mai abinci, aka kawo shinkafa da miya. Na ɗauki biro na juya bayan takardar dillali. Na ce mu ƙaddara kowane hawa naira 300 ne, don lissafi kawai. Ango yana da babur, to a bar shi da kuɗin mansa. Amarya fa? In ta fita sau ɗaya a yini, zuwa da dawowa, 600 ke nan. A wata 18,000. In unguwar ta shata ce, a ninka. In Allah ya kawo haihuwa, yaro ya isa makaranta, a ƙara kai shi da ɗauko shi. Hawa huɗu a yini a kan 300 ya kama 36,000 a wata, 432,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, Kebbi ta ɗaga nata zuwa 75,000, wato 900,000 a shekara. Kusan rabin albashin ƙaramin ma'aikaci ke nan a kan taya, kuma ba mai rubuta masa rasit. Mai gidan haya sau ɗaya yake zuwa a shekara, kowa ya san ranarsa, ana shirya masa. Kuɗin hanya kullum yake zuwa da kaɗan-kaɗan, kamar ɗigon tulu, shi ya sa ba a jin fitarsa sai an ga ƙasan aljihu.

Kawu ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce shekarar da ya sauke farali ya ga abin da ya ɗaure masa kai a Makka. Masaukin da ke daf da Harami, wanda mutum zai ji kiran salla ya sauko da ƙafa ya samu sahu, shi ne na masu kuɗi. Su kuwa alhazan jiha can nesa aka ajiye su, sai sun bi dogon titi ko sun jira bas.

"Can kusa aka saye da tsada. Nan kau nisa anka ce mu saya da tsada. Mi ke nan?"

Ba ni da amsar da ta fi tambayar. Abin da ya gani a Makka shi ne yadda birane da yawa na duniya suke. A Landan gida yana ƙara daraja gwargwadon kusancinsa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, har masu tallar gida sukan rubuta minti nawa ne da ƙafa zuwa tasha kafin su faɗi yawan ɗakuna. Attajirin can yana hawa jirgi ɗaya da mai share ofishinsa. A wurinmu kuwa babu tashar da za a kusanta. Jihar Kebbi ba ta da layin dogo ko taku ɗaya. Wanda Turawa suka ja daga Zariya ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929. Cikin Birnin Kebbi jama'a a kan kabu-kabu da keke suke rayuwa, su kuma masu wannan sana'a inda cinkoson mutane yake nan suke bi. Unguwa tana ƙara zama ta manya, suna ƙara guje mata.

Na ba su labarin inda na fito, domin Abuja ita ce wannan ciwo da ya girma. An tsara ta a takarda tun 1979, gwamnati ta tare a 12 ga Disamba 1991, 'yan watanni bayan haihuwar jihar Kebbi. Maitama da Asokoro su ne ƙololuwa: ofisoshin jakadanci, gidajen gwamnoni da ministoci, haya wani lokaci da dala ake faɗarta, wasu masu gida su nemi ta shekara biyu a dunƙule, ga kuɗin dillali, ga na lauya, ga na hidimar rukuni. Wuse II ta fi su hayaniya da shaguna, kuma ta fi su sauƙin samun tasi, don haka wanda ba shi da mota ya fi shaƙar iska a can. Gwarinpa, babban rukunin gidajen da aka gina zamanin Abacha, ta fi sauƙin kuɗi, keke yana yawo a cikinta, amma fita da safe sai an yi haƙuri. Tun Oktoban 2006, lokacin ministan Abuja Nasiru El-Rufa'i, aka hana acaɓa a tsakiyar birni, keke ma ba ya shiga waɗannan manyan unguwanni. Ma'aikacin da ke dafa abinci a Maitama daga Mpape yake gangarowa, mai gadin Asokoro daga Nyanya ko Mararaba yake tasowa tun duhun asuba, ya kutsa cunkoson hanyar Keffi, ya sauka a shataletalen AYA ya ƙarasa da ƙafa. Da yamma a tsaya bakin titi ana tare motocin da ba a san masu su ba, da fargabar 'yan fashin da ke shigar direbobin haya.

Ga jirgin ƙasa kuwa an yi. Shugaba Buhari ya buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya lokacin korona a 2020, aka sake tayar da shi a 29 ga Mayu 2024. Tashoshi goma sha biyu ne: layi ɗaya daga tsakiyar birni ta Idu zuwa filin jirgin sama, ɗaya daga Idu zuwa Gbazango a Kubwa. Na hau shi, yana da tsabta da sanyi, kuma ina murna da shi. Sai dai bai taɓa Maitama ba, bai taɓa Asokoro ba, bai je Nyanya da Mararaba inda tururuwar ma'aikata take kwana ba, tashoshinsa da dama kuma sai ka hau wani abin kafin ka kai gare su. Kano ma ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta cike gurbin. A can ma wanda ya tsaya cikin lungunan Nasarawa GRA da dare ya san jira.

Abin da ke ci mini rai game da Birnin Kebbi shi ne har yanzu ba ta makara ba. Gari ne da za a iya ratsa shi cikin ɗan lokaci. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka. Hukumar da ke da ikon yanka fuloti tana da ikon cewa ba za a yanka ba sai an fitar da titi mai magudana, da wurin kasuwa, da makaranta, da inda motar haya za ta tsaya. Bas goma sha biyu masu bin hanya sananniya a kan lokaci sananne, daga Kalgo zuwa tsakiyar gari, daga Gwadangaji zuwa babbar kasuwa da asibitin Sir Yahaya, za su sauƙaƙa wa ma'aikaci fiye da ƙarin da ake yi masa a albashi mai ya cinye. A yanzu gini ne ke gaba, hanya tana bin sa a baya da shekaru, in ta biyo ke nan.

Akwai kuma wadda ba a tambaya ba a duk wannan ciniki, ita ce mai zaman gidan. Ango zai tayar da babur da safe ya tafi. Yarinyar da ta tashi a gidan Jega mai cike da mutane, inda ba a rufe ƙofa sai dare, ita za a bari a bayan katanga mai tsawon mutum biyu. Ba yaron maƙwabta da za ta aika ya sayo mata magi, ba mai tallar da zai yi sallama, ba tsohuwar da za ta leƙo ta ce yau ban ji motsinki ba. Na san mata a Abuja da suke cikin gidajen da kowa ke sha'awa, suna yini ba su yi magana da ɗan Adam ba sai ta waya. Na faɗa wa Kawu wannan a hankali, don magana ce mai nauyi a gaban ango. Kawu ne ya ƙarasa ta da abin da ban kai ga faɗa ba. Ya ce haihuwar fari da dare take zuwa, kuma ba a ɗora mai naƙuda a babur cikin rairayi.

Ango ya yi shiru. Ba ya son a ce ya gaza a idon surukai, na kuma fahimce shi sarai. Mutunci abu ne na gaske a wurinmu, ba na raina shi. Gwaggonnin amarya ma ba mugunta ce ta sa su ba. 'Yarsu suke nema wa daraja da ma'aunin da gari ya ba su.

Da la'asar ango da kansa ya ce wa dillali ko akwai wani abu a Badariya, inda wani abokin aikinsa yake. Dillali ya ɗan ɓata fuska, don la'adar za ta ragu, amma ya laluba aljihu ya fito da makulli. Gidan ciki biyu ne da falo, sabon fenti, nasa shi kaɗai ba haɗaka, gida na huɗu daga kwalta. Babu filin shanya, tsakar gidan tabarma uku za ta ci. Akwai rijiyar burtsatse a maƙwabta da ake jan ruwa a biya a wata. Muna tsaye aka kira salla a masallacin da ke kan kwana, mai shago ya ja ƙofarsa, wata dattijuwa ta leƙo daga gidan da ke kallonmu ta ce ko masu tarewa ne, Allah ya sa alheri. Da muka fito ban kai ga duba agogo ba keke biyu suka tsaya suna tambayar ina za mu. Kuɗin shekara bai kai rabin na GRA ba.

Kawu ya shiga masallaci, ya fito, ya sake zaga gidan shi kaɗai, ya buɗe famfo, ya ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki, ya ɗaga kai ya duba silin ko akwai tabon yoyo. Sannan ya zaro kuɗi ya ƙirga kafin alƙalami a hannun dillali, ya ce a rubuta. Abin da ya rage daga kuɗin albasa, ya ce zai sa wa gidan sola da batir don zafin watan Afrilu, saura kuma a ajiye wa shekara mai zuwa.

A motar komawa ango ya tambaye shi abin da za a faɗa wa mutanen Jega. Kawu ya ce wannan ba aikin yaro ba ne. Shi zai je da kansa wurin waliyyin amarya, ba aike ba, ya kuma roƙi a turo gwaggonnin su zo su ga gidan kafin ranar jere, a kawo su a motar haya, a sauke su a bakin titi su taka da ƙafarsu.

Mun iso Jega ana shirin magariba. Kawu ya ce mu dakata masa, ya tsallaka wurin masu kayan ƙarfe, ya dawo da kwaɗo babba mai makulli uku. Ya ba ango ɗaya, ya sa ɗaya a aljihunsa, na ukun ya ƙulle a bakin rawaninsa ya ce na amarya ne. Daga nan muka nemi motar Maiyama, muka zauna jiran ta cika.